Gidan Gyaran Hali: Abin da Cholire Ta Koya Mana

Kwanakin baya wani ɗan gajeren bidiyo ya yi ta yawo a wayoyin mutanen Garwa, wannan ya tura wa wancan, har ya iso gare ni ta hannun mutum huɗu a yini guda. Gidan yari ne a ƙasar Brazil. Babu gandiroba mai bindiga, babu kakin fursuna, makullin ƙofa kuwa yana rataye a ƙugun ɗaya daga cikin ɗaurarrun. Wasu na gasa burodi, wasu na ajin karatu, wasu na ban-ruwa a lambu. Da na ga maganar ta cika gari, daga teburin mai shayi har tashar 'yan babur, sai na ɗauke ta zuwa shirina na dare, na buɗe layi.

Masu kira suka rabu gida biyu. Kashi na farko suka ce wannan ai otal ne, ranar da aka gina irinsa a nan ɓarayi layi za su yi a ƙofa. Kashi na biyu suka ce me hukuma ke jira, a aika mutane su kwaikwayo a zo a yi mana. Ni kaina ina tsakiya ina jin daɗin muhawarar, domin mai gabatar da shiri ba abin da yake so irin layi ya ɗau zafi.

Saura 'yan mintoci mu rufe sai wata dattijuwa ta shigo, tana Hausa tana surkawa da Fillanci. Ta ce, ɗana, ni ban ga abin da kuke magana a kai ba, wayata ba ta nuna hoto. Ta ce an kama ɗanta kan maganar wani babur, yanzu ya shiga shekara ta biyu a wakafi, ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba. Ita ke dafa abinci ta kai masa. Ba ta nemi a ba shi katifa ko a koya masa sana'a ba. Abu guda ta roƙa: a gaya mata ranar da za a yi masa shari'a, ko shekara nawa za a yanke masa ta yarda, muddin za ta san abin da take ƙirgawa. Na ce, Inna, Allah Ya kawo mafita, na saki kiɗan rufe shiri. Amma na kwana da sanin cewa awa guda muka yi muna gardama a kan rufin ɗaki, ita kaɗai ce ta taɓo tushen ginin.

Wannan sharhi a kan haka yake. Ina ganin yadda muke yaɗa labarin gidajen yarin nan na tausayi, mu 'yan jarida da marubuta, akwai gyara a cikinsa, domin muna nuna furen muna ɓoye saiwar. Mu mutanen arewacin Kamaru kuwa mun fi kowa cancantar yin hattara, tunda a ƙasarmu aka taɓa kafa allon da ke cewa gyaran hali ake yi, alhali abin da ke bayan allon ya fi kurkuku muni.

Bari in fara da yi wa mutanen Brazil adalci, don abin da suka yi ba tatsuniya ba ce. Tsarin sunansa APAC. Wani lauya mai suna Mario Ottoboni ne ya assasa shi a 1972 a birnin Sao Jose dos Campos, tare da wasu 'yan sa-kai mabiya ɗarikar Katolika da ke ziyartar fursunoni. Daga baya ya fi bunƙasa a jihar Minas Gerais, inda gidan da ke garin Itauna ya zama abin kwatance. A can ba a kiran mutum da lamba, da sunansa ake kiransa. Kalmar fursuna ma sun ajiye ta, suna amfani da wata kalma mai ma'anar wanda yake farfaɗowa. Ana tashi tun da sassafe, kowa da aikinsa da karatunsa, zaman banza laifi ne. Ɗaurarrun ke dafa abinci, su ke share gida, su ke riƙe da makullai, kuma akwai majalisarsu da ke sa ido kan ɗa'a. Masu tafiyar da tsarin suna cewa waɗanda ke komawa ruwa bayan an sake su ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran gidajen yarin ƙasar.

To amma ga abin da bidiyon minti uku ba ya faɗa. Ba kowa ake kaiwa can ba. Sai wanda kotu ta riga ta yanke wa hukunci, ya san shekarun da ke kansa. Shi da kansa zai nuna yana so, ya amince da dokokin gidan, alƙali ya sa hannu. Ana duba ko yana da dangi a kusa da za su riƙa zuwa. In ya karya babbar doka, a mayar da shi gidan yari na gama-gari. Ashe an yi tankaɗe da rairaya tun daga ƙofa, don haka wanda ya ɗauki alƙalumansu ya gwada da na kurkukun da ke karɓar duk wanda aka jefo masa, bai yi awo da mudu ɗaya ba. Sannan Brazil ita ce ta uku a duniya wajen yawan fursunoni, bayan Amurka da Sin, mutanen da ke gidajen APAC kuwa 'yan dubbai ne cikin dubban ɗaruruwa.

Faɗin wannan bai rage wa tsarin daraja ba a wurina. Hasali ma shi ne ya nuna mini inda ƙarfinsa yake. Makullin da ke hannun ɗaurarre yana da ma'ana ne saboda mutumin ya san ranar fitarsa, kuma ya san guduwa asara ce a gare shi. Ya shiga da yardarsa, akwai kuma alƙali a waje da zai iya kai wa kuka. In ka zare waɗannan ka bar kalmar gyara ita kaɗai, me zai rage? Amsar tana nan kusa da mu.

Cholire, wadda ake rubutawa Tcholliré da Faransanci, ita ce hedikwatar gundumar Mayo-Rey a jihar Arewa, ƙasar Lamidon Rai Buba. A shekarun 1960, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan namu na Garwa, gwamnati ta kafa wasu sansanoni da ta kira Centre de Rééducation Civique, wato cibiyar sake tarbiyyar ɗan ƙasa. Akwai ɗaya a Mantum cikin ƙasar Bamun, akwai ta Cholire. Lokacin ne na dokar zagon ƙasa ta ranar 12 ga Maris 1962, wadda a ƙarƙashinta magana kaɗai kan iya jawo wa mutum ɗauri. Da yawa daga waɗanda aka kai sansanonin ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba, takardar hukuma ce kawai ta kai su. A Cholire aka tsare Albert Ndongmo, babban limamin Katolika na Nkongsamba, bayan an yanke masa hukuncin kisa a 1971 aka mayar da shi ɗaurin rai da rai, har zuwa 1975 da aka sake shi ya tafi gudun hijira Kanada. Albert Mukong, ɗan siyasa kuma marubuci daga yankin masu magana da Ingilishi, an kama shi a 1970, ya shekara shida ana yawo da shi daga Yawunde zuwa Mantum zuwa Cholire ba tare da shari'a ba. Ya rubuta labarin a littafinsa Prisoner Without a Crime, ma'ana ɗaurarren da ba shi da laifi.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne yadda sunan ya yi wa zaluncin aiki. Da an ce hukunta mutum ake yi, dole a faɗi laifinsa, a kawo shaida, a yanke masa wa'adi. Amma tunda an ce tarbiyya ake sake masa, ina ruwan alƙali da makaranta? Yaushe ɗalibi zai gama? Sai ran da malaminsa ya ce ya gyaru, malamin kuwa shi ne wanda ya kama shi. Ɓarawon akuya da aka yanke wa wata shida ya fi ɗan sansanin nan gata, domin shi yana zana kwanakinsa a bango suna raguwa. Hausawa sun ce wanda ya tuba don wuya ba lada. Tuban da aka tatsa daga bakin wanda bai san ranar fitarsa ba, tuban muzuru ne, kuma mai tatsar ya fi kowa sanin haka.

Ko bayan an daina kiran wurin da wancan suna, wahalar ba ta bar shi ba. A 1992 ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton mutuwar fursunoni kusan 70 cikin 'yan watanni a gidan yarin Cholire na biyu, saboda yunwa da rashin magani. Shi kuwa Mukong an sake kama shi a 1988 bayan wata hira da ya yi da BBC, ya kai ƙarar Kamaru gaban Kwamitin Haƙƙin Ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. A hukuncin da kwamitin ya yanke a 1994 ya tabbatar da cewa akwai mafi ƙarancin haƙƙin ɗaurarre, irin su wurin kwanciya da abinci da tsafta, waɗanda dole kowace ƙasa ta cika komai talaucinta. Har yau lauyoyi a duniya suna kafa hujja da wannan shari'a. Duk mai cewa tausaya wa fursuna sai ƙasashe masu arziki irin Norway, wadda ke da kurkukun tsibirin Bastoy inda ɗaurarru ke noma da kiwo, to ya sani ɗan Kamaru ne ya sa aka rushe wannan uzuri.

Kada 'yan'uwanmu na Najeriya su ce wannan tarihin Kamaru ne kawai. A damunar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari, daga nan ne kalmar gidan gyaran hali ta shiga bakin gidajen rediyo, mu ma a nan muka ara. Dokar tana da kyau, ta kawo hukunce-hukuncen da ba na ɗauri ba, har ta ba shugaban gidan yari damar ƙin karɓar sababbin mutane in wuri ya cika. Amma 'yan makonni bayan haka, a watan Satumba, 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa cikin Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka fasa irinsa a Daura da Katsina da Zariya. Waɗannan gidaje ba na gwamnati ba ne. Iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, har suna biya, don a gyara musu hali. Can ma babu alƙali, babu wa'adi, babu yardar wanda aka kai. Cholire ce ta dawo da wata riga, wannan karon kuma da hannunmu muka ɗinka ta.

Shi ya sa nake jin tsoron kalmar nan in ta zo ita kaɗai. Tsofaffin sunayenmu ba su yi mana ƙarya ba. Gidan yari gidan Yari ne, mai sarautar da sarki ya ɗora wa tsaron ɗaurarru. Gidan kaso daga Faransanci muka samo shi, fursuna daga Ingilishi, gidan maza kuwa lallashi ne da muke yi wa wanda ƙaddara ta faɗa wa. Duk cikinsu babu wanda ya yi alkawarin abin da ba ya bayarwa. Gidan gyaran hali shi alkawari ne. An ce suna linzami, to linzamin da ba a sa wa doki ba ado ne a jikin bango. Duk ɗan jaridar da ya furta wannan suna a labarai, bashi ne ya ɗauka, sai ya je ya gano ko ana gyaran.

Abin mamaki, in ka buɗe dokokin Kamaru za ka tarar ba mu rasa tubalin ginin ba. Dokar shugaban ƙasa ta 27 ga Maris 1992 da ta tsara gidajen yari ta ambaci gidajen yari na noma da sana'a, da waɗanda aka ware don karatu. Dokar tsarin shari'ar laifuka ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta ƙayyade tsarewar da alƙalin bincike zai yi wa wanda ake zargi: wata 6, in an ƙara kada jimilla ta wuce wata 12 a ƙaramin laifi, wata 18 a babba. Kundin hukunta laifuka na 12 ga Yuli 2016 ya zo da hukunci iri biyu a madadin ɗauri, ga laifukan da ɗaurinsu bai kai shekara 2 ba. Na farko, mai laifi ya yi wa jama'a aiki kyauta na awa 200 zuwa 240. Na biyu, ya biya wanda ya cuta, ya gyara ɓarnar da ya yi. Duk da haka fiye da rabin mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. A 2016 Amnesty ta ruwaito cewa gidan yarin Marwa, wanda aka gina don mutum 350, yana ɗauke da kusan 1,500, bayan kame-kamen da yaƙi da Boko Haram ya jawo. Wanda ya san zafin watan Maris da Afrilu a ƙasar nan, lokacin da ma'auni ke haura 40, ba sai an yi masa bayanin abin da ɗaki irin wannan ke zama da tsakar dare ba. A wurin da mutane ke kwana bi da bi, wane aji za a buɗe, wane keken ɗinki za a ajiye? Gyaran farko shi ne a rage cunkoso, hanyar rage shi kuwa ta kotu ta bi.

Ban manta da masu kira na kashin farko ba, kuma ba na raina fushinsu. Mutumin da ya ci bashi ya sayi babur aka ƙwace masa a bakin gadar Binuwai, ko makiyayin da zargina suka sace wa ɗa suka karɓe masa garke, yana da haƙƙin ya ji haushi in ya ga ana lallashin mai laifi. Masu kisa da masu garkuwa da mutane wurinsu bayan katanga, ban ce a buɗe musu ƙofa ba. Amma mu tambayi kanmu, me mai akuya ya samu in an ɗaure ɓarawon akuyarsa shekara guda? Akuyar ba ta dawo ba. Yaron kuma ya kwana ya tashi da 'yan fashi wata goma sha biyu, ya fito da abokai da dabarun da bai shiga da su ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da an tilasta masa ya yi aiki ya biya kuɗin akuyar a gaban mai unguwa, da mai kaya ya ga hakkinsa a hannu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sulhu da diyya da afuwa sun girmi kurkukun da Turawa suka gina mana, kuma har gobe a fadar lamido da zauren mai unguwa ana kashe rigingimun da ba su kai kotu ba. Sharaɗi dai a rubuta, alƙali ya sani, don kada mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi da sunan sulhu.

Su ma na kashi na biyu, masu cewa a kwaikwayo, ba sai sun tsallaka teku ba. A Kakuri cikin Kaduna akwai buɗaɗɗen gidan yari tun shekarun 1950. A Burkina Faso akwai gidan yarin noma na Baporo tun zamanin Thomas Sankara. Mu da muke da ƙasar auduga da masara da shinkafa, ga ruwan Lagdo, ba abin da zai hana mu. Sai dai a nan ma darasin Cholire yana nan. Gona a hannun fursuna tana iya zama makaranta, tana kuma iya zama aikin tilas. Kafin mu yi tafi sai mu tambaya: da yardarsa ya je? Amfanin gonar cikin wa yake shiga? Ana ajiye masa wani abu da zai riƙe ranar fita, ko gumin nasa ya ƙare a rumbun wani babba?

Saura mu masu alƙalami. Ku duba yawancin littattafanmu da finafinanmu da wasannin kwaikwayon da muke sawa a rediyo. Mugu ya yi ta tsula tsiyarsa, a babin ƙarshe alƙali ya buga guduma, gandiroba ya tasa ƙeyarsa, sai a rubuta alhamdulillahi. A wurinmu ƙofar gidan yari ita ce ƙarshen labari. A rayuwa kuwa mafi yawan waɗanda suka shiga suna fitowa, su dawo unguwar da suka bari. Wa zai ba shi hayar ɗaki? Wane mai gareji zai ɗauke shi? In ya je neman aure, me za a ce wa waliyyinsa? Matarsa da ta yi shekara uku tana kai kwano, wa ya taɓa rubuta abin da ke zuciyarta? A nan labarin yake, mu kuwa nan muke ajiye biro. Mun koya wa masu karatu da masu saurare cewa hali zanen dutse ne, muka manta da ɗaya karin maganar, cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abin da ya riƙe gidajen APAC shi ne mutanen gari da ke shiga suna koyarwa kyauta, da dangin da ba su yanke ƙafa ba. Garin da ya rufe ƙofarsa ga tsohon fursuna, ko an gina masa gidan gyara na zinare, mayar da shi ciki zai yi.

Saboda haka duk ranar da aka sake turo muku irin wannan bidiyo, ko wani jami'i ya yanke ƙyalle ya ce an buɗe cibiyar gyaran hali, ko wani malami ya kafa allo ya ce a kawo kangararru, ku yi tambayar dattijuwar nan kafin ku yaba. Wa ya yanke hukuncin, kuma yaushe zai ƙare? In aka amsa wannan, sai a zo maganar makulli da lambu da aji, ni ma ina cikin masu son a yi su, a Garwa da Marwa da Ngaundare. In aka kasa amsawa, to mun taɓa ganin irin wannan allo a hanyar Rai Buba.

Ni dai tun daga daren nan na sauya yadda nake tambayar baƙina a shiri. Na daina tambayar keken ɗinki nawa aka raba, sai na ji mutum nawa ne suka wuce wata 18 ba su ga alƙali ba. Dattijuwar ba ta sake kira ba, ban kuma san ko an sa wa ɗanta rana ba. Inna, in wani ya karanta miki wannan, ki yafe mini amsar da na ba ki a gaggauce. Allah Ya fitar da duk wanda ke tsare ba da hakki ba, Ya shiryi masu laifi, Ya ba mu zuciyar karɓarsu in sun dawo.